Ƙusa Ba Ta Neman Hutu

A gidan wankin da nake aiki, in ka ce Yaya Doguwa, har mai gadi sai ya gyara tsayuwa. Ba shugaba ba ce, ko makullin ɗakin sabulu ba ta taɓa riƙewa ba. Mai ninke zanen gado ce kamar ni. Amma ni ɗin nan da ake kira Uwar Surutu, wadda tun ina goye aka kasa rufe wa baki, matar nan ta taɓa sa ni na yi tsaye baki buɗe na rasa abin cewa. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bari in fara gaya muku aikin, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane abin da ta yi ba. Kamfani ne da ke wanke wa asibitoci da otal-otal zannuwan gado. Mota ta kawo su da datti, a zuba a manyan injinan wanki, a busar, sannan a tura su cikin injin guga, wata ƙatuwar gangar ƙarfe mai juyawa tana fesa tururi. Zane na fitowa ta ɗaya gefen da zafinsa, mu kuma muna tsaye muna jira. To, zanen gadon asibiti ba irin na ɗakinku ba ne. Faɗi gare shi da nauyi, mutum ɗaya ba zai ninke shi ba sai ya ja ƙasa, in kuwa ya taɓa ƙasa sai an sake wankewa. Don haka aikin na mutum biyu ne. Ki kama kusurwa biyu, abokiyarki ta kama biyu, ku ja ya miƙe, ku kaɗa, ku haɗa baki, ku tako ku gamu a tsakiya, ta miƙa miki nata, ta sunkuya ta ɗauko gindin. Ranar da aka ɗauke ki aiki, abin da ake fara koya miki ke nan, cewa ba a ninke zane mutum ɗaya.

Abokiyar ninkin Yaya Doguwa ita ce Guntuwa. Wanda ya haɗa su, Allah Ya yafe masa, don ni na rantse da gangan ya yi. Yaya sai ta sunkuyar da kai take shiga ƙofar banɗaki, Guntuwa kuwa in ta tsaya a bayan tebur, ɗankwalinta kawai ake hange. Yaya na iya yini ba ta ce uffan ba bayan gaisuwa, Guntuwa kuwa ta kusa kamo ni a surutu. Amma ku zo ku ga ninki! Yaya ta saba sauke hannunta daidai kafaɗar Guntuwa, ita kuma ta san lokacin da za ta tako ba tare da an ce mata komai ba. Ko kallon juna ba sa yi. Sun fi shekara ashirin a haka.

Na sha zuwa gidan Yaya. Ɗaki ne da falo a wani gidan haya, a lungun da ke bayan tashar mota. Mijinta mai gyaran fanka ne, yana da 'yar rumfa a bakin titi. Ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi tun wani hatsari da ya yi da ƙuruciya, abin da ya fito da ita neman aiki ke nan tana da goyo a baya. Da albashin nan aka biya haya, aka kai yara uku makaranta. In kika shiga ɗakinta sai kin ji kunyar naki, don hatta ledar da aka sayo abu a ciki a ninke take, kusurwa a kan kusurwa. Mijin mutum ne mai barkwanci. Ya ce mini shi ba ya yarda ya yi barcin rana in tana gida, tsoro yake kada ya farka ya tarar an ninke shi an saka a akwati. Ita dai sai murmushi. Zafin zane ya goge mata yatsu har sun yi santsi. 'Yarta ta taɓa saya mata wayar nan da ake buɗewa da yatsa, wayar ta rantse ba ta san ta ba, dole aka mayar.

To ga asalin ƙusa. Can baya, lokacin Guntuwa na shayar da ɗanta na biyu, yaron ya kwanta ciwo, ba ya karɓar komai sai nono. Gidansu ba nisa, amma ba a fita sai an tashi, kuma in ta fita Yaya ba ta da mai kama mata. Guntuwa na ninki tana hawaye, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Yaya ta dube ta, ta dubi bango. Kowane zane akwai wani ɗan ƙyalle mai launi da ake ɗinka masa a kowace kusurwa kamar zobe, don a san na wane asibiti ne, mu muna kiransu kunnuwa. Washegari sai ga Yaya da ƙusa biyu a ƙulle a bakin zaninta. Ta ɗauko dutse a tsakar gida, ta kafa su a bango daidai faɗin hannuwanta, ta rataya kunnuwa biyu a jikinsu, ta kama nata biyun ta ja. Zane ya miƙe sak.

Ta ce wa Guntuwa, "Je ki ba shi ya sha. Ga mai riƙe miki."

Ranar mun sa mata albarka kamar me. Yaron ya warke, yanzu har ya fi uwarsa tsawo, ko da yake wannan ba wani abin alfahari ba ne.

Mai kula da mu wani mutum ne da muke kira Mai-agogo. Agogon nan nasa abin mamaki ne, da safe kaɗai yake aiki. Ki makara kaɗan, ya gani, a yanke miki albashi. A wuce lokacin tashi har duhu ya yi, sai agogo ya makance. Shi ya shigo wata rana ya tarar da Yaya na ninki da bango. Muka ce yau kashinta ya bushe. Mutumin nan ya daɗe a tsaye yana kallo, sai muka ga yana murmushi. A gabanmu ya yaba mata, ya ba ta katan ɗin sabulu kyauta, muka tafa kamar wawaye. Kafin mako ya zagayo ya kira kafinta, aka jera ƙusoshi bibbiyu tun daga wannan ƙarshen bango har wancan.

Daga nan abin ya fara cin mutane a hankali. Wadda ta yi aure ta bar gari, ba a ɗauki wata ba. Wadda ta tafi haihuwa, ta dawo ta tarar ba gurbinta. Tawa abokiyar ninkin ciwon baya ya kama ta, aka ce ta je ta huta, har yau ba a kira ta ba, aka nuna mini bango. Shi kuwa ninki da ƙusa, wahala ce tsagwaronta. Ki je bango ki rataya, ki dawo ki ja, ki koma ki cire, ki sake ratayawa, hannu a sama yini guda. Zai yiwu, amma sai ya ci lokaci ninki biyu. Don haka aikin da ake gamawa da la'asar ya koma sai bayan magariba, kuma ko sisi ba a ƙara mana. In mun yi ƙorafi, Mai-agogo ya ce ai ba aiki aka ƙara ba, mu ne ba mu da sauri. Yana da wata magana da yake faɗa yana shafa bangon: "Ƙusa ba ta haihuwa, ba ta zazzaɓi, ba ta neman hutu."

Hutun shekara kuwa, wallahi tallahi mu mun ɗauka alfarma ce. Mun zaci abu ne da ake durƙusawa a roƙa, in an ga dama a ba ka. Kuma ga wautar da muke yi, wadda sai mai ninkin zane zai yi ta. In abokiyarki ta samu ta tafi, ke da kika rage sai ki zage ki yi aikinku ku biyu da ƙusa, ki kai dare in ta kama, don kada a ce rashinta ya kawo cikas a huce a kanta. Ke a ganinki rufa mata asiri kike yi. Ashe nuna wa Mai-agogo kike yi cewa ba a bukatarta. Da son da muke wa juna ake korarmu, mu kuma ba mu gane ba.

Yaya da Guntuwa kaɗai suka rage a tsofaffin da ke ninki su biyu, don sun fi kowa sauri, kuma su ake nuna wa baƙi in an zo zagaye. A tsakanin nan aka aiko wa Yaya cewa mahaifiyarta na kwance a garinsu, tafiyar yini guda a mota. Ta je ofis ta nemi hutu. Mai-agogo ya ce ta bari wannan watan ya wuce, otal-otal sun cika da baƙi. Watan bai wuce ba, tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya. Yaya ta je ta tarar har an yi jana'iza, ta kwana biyu, ta dawo ta kama kusurwoyinta. Ko kanzil ba ta ce ba. Ni ce na yi ta tsine-tsine a madadinta har Guntuwa ta toshe mini baki da matashin kai. Gaskiya a lokacin na ɗauka matar nan ba ta da zuciya a ƙirji.

Sai bara aka ce za a yi wa mijin Guntuwa aiki a ciki. Shi ya daɗe ba ya iya sana'a, ita ke riƙe da gidan, har da jikoki biyu. A gabanmu ta nemi hutu, a nan ɗakin ninki, tana murza hannu. Mai-agogo ya ce, "Je ki, Allah Ya ba shi lafiya. Ai ƙusa na nan." Muka dubi juna, muka ce yau kuma da wace ƙafa ya tashi? Yaya ta koma bango, ga ƙusoshinta na asali da ta kafa da dutse. Kullum ita ce ƙarshen fita. Ba ta bar zane ko ɗaya ya kwana ba, don kada a ce Guntuwa ta bar giɓi.

Ranar da Guntuwa ta dawo, da safe, mai gadi ya tare ta a bakin get. Dattijo ne, kansa a ƙasa yake maganar. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe mini, an ce kada in bar ki ki shiga." Ta ɗauka wasa ne har ta yi dariya. Sai Mai-agogo ya leƙo ta taga ya ce ta gudu ta bar aiki, an sallame ta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in je!" Ya ce, "Ni? Yaushe? Ina shaidarki? Kuma ma ai aikin bai tsaya ba."

Tagar ɗakin ninki a buɗe take, duk mun ji. Na waiwaya na dubi Yaya. Zane na rataye a ƙusa, tana riƙe da nata ɓangaren. Da ya ce aikin bai tsaya ba, sai na ga hannunta ya sauko a hankali. Ta daɗe tana kallon ƙusoshin nan, sannan ta ƙarasa ninke zanen.

Ranar hutunmu ta mako sai ga Yaya a ƙofar gidana. Ta ce, "Ƙanwata, ki raka mu ofishin ƙwadago. Ke kin iya magana." Muka biya muka ɗauki Guntuwa, idonta ya kumbura don kuka. A ofishin muka zauna a benci har ƙafa ta yi tsami, sannan aka shigar da mu wurin wata jami'a mai tabarau. Na zazzage mata komai, tun daga ƙusa har sabulu. Ta cire tabaran ta dube mu. Ta ce hutun shekara haƙƙinmu ne, ba kyauta ba. Ta ce aikin da aka yi bayan lokacin tashi biyansa ake yi. Ta ce ba a korar mutum haka kawai ta taga ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma ana iya ƙalubalantar irin wannan kora. Kai jama'a! Ni da furfurata, sai ranar na san cewa abin da nake durƙusawa ina roƙo nawa ne.

Amma ta gaya mana gaskiya. Ta ce kamfanin zai musa, zai ce ma'aikata sun isa, ba mai wuce lokaci, kuma ba wanda ya ba Guntuwa izini. Sai an samu masu tsayawa su faɗa da bakinsu. Ta kuma ja mana kunne kada mu ƙi zuwa aiki, don kada mu ba su hujja. Na san 'yan ɗakinmu, kowa da bakin da take ciyarwa, ba wadda za ta yi gigin buɗe baki.

Yaya, wadda tun da muka shigo ba ta yi magana ba, ta ce, "Hajiya, in na zo a kan lokaci, na yi aikin yadda aka koya mini, na tashi lokacin tashi, na yi laifi?"

Jami'ar ta ce, "A'a."

Ta ce, "To madalla."

Ku sani fa, Yaya ta kusa ritaya. Bai fi shekara biyu ya rage mata ba ta karɓi kuɗin sallamarta, kuma da shi suke sa ran yi wa ɗan ginin da suka fara a bayan gari rufi, su huta da haya. In aka kore ta da laifi, shi ke nan, an yi asarar wahalar shekara da shekaru. Na tuna mata wannan a hanya. Ta ce ta sani. Mijinta ne ya ba ni labarin abin da ya faru a gida. Ya ce ta zo rumfarsa ta ce ya ara mata filaya. Ya ce, "Wace fanka ce ta lalace?" Ta miƙa masa hannu kawai. Ya dube ta, ya gane, ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya zaɓo wadda ya fi so. Ya ce mata, "Ki dawo mini da ita, da aikin ko ba aikin."

Washegari da safe an kunna injina, tururi ya fara tashi, kowa ta nufi bangonta. Yaya ta ɗaura rigar aikinta, ta je gaban ƙusoshinta, ta zaro filaya. Shekarun da suka yi a bango sun sa sun kama ƙam. Ta murɗa, ta jijjiga, siminti na zuba a kan takalminta, ta zare ta farko, ta zare ta biyu, ta ƙulle su a bakin zaninta inda ta fara kawo su. Zane ya fito daga inji. Ta kama kusurwa biyu, ta ja da baya, ta bar ɗaya ɓangaren a kan tebur, ta tsaya.

Tsayawa kawai ta yi. Doguwar mace, hannu biyu a buɗe, farin zane na hayaƙi a tsakaninsu, tana fuskantar wurin da Guntuwa ta saba tsayawa. Wani zanen ya fito ya hau kan tebur, wani ya biyo shi. Kowa ta dakata tana kallonta. Ni dai na yi mutuwar tsaye da zane a hannu. Ban taɓa ganin abu mai kwarjini irin wannan ba, kuma ban ga ta ɗaga murya ko ta haɗe rai ba.

Mai-agogo ya faɗo kamar an jefo shi. "Ke! Me kike jira?"

"Mai kama mini, ranka ya daɗe."

"Ina ƙusar?"

"Na cire. Tawa ce, ni na kawo ta daga gida."

"Wato kin ƙi aiki ke nan?"

"Ina kan aikina. Ga nawa ɓangaren na kama. Ranar da aka ɗauke ni an ce ba a ninke zane mutum ɗaya."

Ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ta tuna shekarunta, ta tuna kuɗin sallamarta, ya ce da bakinsa zai sa a kore ta ba ko sisi. Ko gezau. Ta gaji, ina gani, amma ba ta sauke hannu ba. Da ya rasa yadda zai yi, ya ce an dakatar da ita har sai abin da hali ya yi, ta fita. Ta ajiye kusurwoyin a kan tebur a hankali don kada zanen ya taɓa ƙasa, ta cire rigar aiki ta ninke. Da ta zo wucewa ta gabana, ta ajiye filayar a kan teburina, ba ta ko dube ni ba.

Yo ni me zan yi? Na ɗauka na zare nawa. Na miƙa wa ta kusa da ni, ita ma ta zare, ta miƙa gaba. Akwai wadda ta riƙe filayar tana kuka, ta ce ita marayu gare ta, muka ce ta bari ba dole, sai kuma muka ji ƙarar ƙusarta a ƙasa. Da bango ya zama fayau, muka haɗu bibbiyu muka ci gaba da ninki yadda aka koya mana. Ba wadda ta zauna, ba wadda ta yi sanyin jiki. Lokacin tashi na yi muka wanke hannu muka ɗauki jakunkunanmu. Rabin zannuwan na nan jibge, direban motar asibiti na ta danna oda a waje.

Mai-agogo ya kira kafinta da yamma ya mayar da ƙusoshi. Da safe filaya ta zagaya. Ya sake kira, muka sake cirewa. Kafintan har ya gaji, ya ce mini, "Inna, don Allah ku riƙa ajiye mini su wuri ɗaya, na gaji da saye." Zannuwa suka taru har suka kai taga, asibitoci suka fara bugo waya, maganar ta kai kunnen mai kamfanin.

Ita kuwa Yaya, da na je dubo ta, mijin ya ce ta yi tafiya. Ta ce tunda Allah Ya ba ta hutu, ko da na kora ne, za ta je garinsu. Ashe ɗakin da mahaifiyarta ta rasu a ciki ta je ta buɗe, ta share, ta zauna a ciki kwana da kwanaki tana yi mata addu'a. Ƙanwarta ta ce a nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun wancan lokacin, kuka mai sauti, har maƙwabta suka shigo. Da na ji haka na nemi gafarar Allah a kan zaton da na yi mata na rashin zuciya.

Da aka sa ranar da jami'ar ƙwadago za ta zo duba wurin, sai ga abin dariya. Mai-agogo da kansa ya sa kafinta ya zare duk ƙusar da ta rage, aka cike ramukan da siminti, don ya riga ya faɗa wa ofishin ƙwadago cewa a nan ba mai ninki ita kaɗai. Jami'ar ta zo, ta sa aka kira Yaya da Guntuwa. Mai kamfanin ma ya zo, karon farko da na gan shi ido da ido. Ta zagaya ɗakin, ta dubi tulin zannuwa, ta dubi bango. Ga tabon ɗanyen siminti bibbiyu a jere, kowanne da baƙin shatin hannu a kewaye. Ta ce wannan fa? Mai-agogo ya ce gyaran bango aka yi.

Yaya ta kwance bakin zaninta, ta ajiye ƙusa biyu a kan teburin ninki. Sun lanƙwashe, wuyansu ya sirance yana ƙyalli saboda gogar kunnuwan zane.

Ta ce, "Hajiya, ni na kafa su. Don 'yar'uwata ta je ta shayar da ɗanta na kafa su, kuma da su aka kore ta. Da ta tafi jinyar mijinta, ni na yi aikinta da nawa don kada a ga laifinta. A gabana aka ce ta je, a gaban duk waɗannan." Ta juyo ta dube mu.

Ai kuwa ba sai an roƙe ni ba. Na fara, sai da jami'ar ta ce, "Ya isa, Inna, ki bar wa wasu." Ɗaya bayan ɗaya matan nan suka yi magana, har da mai marayun. Dattijo mai gadi ma ya matso ya ce shi ke rufe get, ya san lokacin da muke fita, kuma ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba. Mai kamfanin ya ɗauki ƙusa ɗaya yana juya ta a hannu.

Ba a gama a ranar ba. An yi ta zama a ofishin ƙwadago, a je a dawo, har muka fara cire rai. Kuma ba duka muka samu ba. An biya wani abu daga cikin aikin bayan tashi, ba duka ba. Cikin waɗanda ƙusa ta kora tun da farko, wasu ba a san inda suke ba, tawa abokiyar kuwa bayanta bai sake barinta ta tsaya ba. Amma an ɗauki sababbin ma'aikata, an fara ba da hutun shekara bi da bi ba tare da durƙuso ba, aka janye dakatarwar Yaya da haƙƙinta cif, aka kuma ce a mayar da Guntuwa. Mai-agogo na nan, sai dai agogonsa ya samu lafiya, yanzu har da yamma yana gani.

Safiyar da za su dawo, Yaya ta riga kowa zuwa kamar kullum. Aka kunna inji, Guntuwa ba ta iso ba, motar haya ta ɓata mata lokaci. Zanen farko ya fito. Yaya ta kama kusurwoyinta ta ja da baya, ta tsaya. Ba wadda ta matsa don ta kama mata, duk mun san ba namu ba ne. Sai ga Guntuwa da gudu tana haki, tana ɗaura rigar aiki a hanya, mai gadi na bayanta yana washe baki. Ta kama nata biyun, ta ja. Zanen ya karkace, gefe ɗaya can sama, don Yaya ta saba da tsayin bango, hannunta na sama da kan Guntuwa.

Guntuwa ta yi ɗage har a kan yatsun ƙafa, ta kasa. Ta ce, "Haba Yaya, sauko da hannunki mana. Ni ba ƙusa ba ce."

Yaya ta dube ta. Ta sauke hannunta daidai kafaɗar Guntuwa, suka kaɗa zanen, suka tako suka gamu a tsakiya.